Dodon Roba Da Yaron Da Bai Ga Zif Ba

  

A wannan watan zan ɗan kauce daga irin maganganun da muka saba, in taɓo wani abu da na san da yawanmu muna yi amma ba mu cika faɗa a gaban malamai ba, wato kallon tsofaffin finafinan dodanni. Kin san irin waɗanda nake nufi. Waɗanda dodo zai fito daga cikin hayaƙi yana gurnani, haƙoransa kamar an fafe su daga ƙwarya, idan ya juya baya kuma sai ki hango zif ɗin rigar da aka sa masa. A shekarun baya sai a gidan da yake da bidiyo da janareta ake ganin su, a aiki yaro shagon haya a Birnin Kudu ya karɓo kaset, maƙwabta su cika tsakar gida. Daga baya kaset ya mutu, faifai ma ya bi shi, muka ɗauka dodannin sun tafi ke nan. Ashe suna nan. Yau masu tura fim a waya sun dawo mana da su, a nan Kiyako da Gwaram da duk garin da kasuwa take ci, a cika miki memori da ɗan kuɗin da bai kai na kayan miya ba, wasu ma an juya su zuwa Hausa.

Ba zan zo miki da wa'azin cewa dariyar da kike yi laifi ce ba, domin ni ma ina yin ta, kuma duk wadda ta san yadda aka haɗa waɗannan dodanni dole ta dara. Ɗauki King Kong, fim ɗin Amurka na 1933. Wannan ƙaton goggon biri da ya hau benen da ya fi kowanne tsawo a duniya a wancan lokacin yana kaɗe jiragen sama kamar ƙudaje, a zahiri 'yar tsana ce da tsawonta bai wuce kamu guda ba, an yi ta da ƙarfe da roba aka lulluɓe ta da gashin zomo. A ɗan motsa hannunta a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa a ɗauki wani, sai an tara hoto 24 kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya. Idan kin zuba ido za ki ga gashin jikinsa yana ta rawa shi kaɗai, to sawun yatsun masu motsa shi ne. Shi kuwa Godzilla na ƙasar Japan, wanda ya fara fitowa a 1954, mutum ne ɗan Adam, sunansa Haruo Nakajima, a cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, wato buhun masara guda, yana tattake ƙananan gidajen da aka ƙera masa domin ya rushe. Saboda tsananin zafi ba ya iya wuce 'yan mintuna a ciki, in ya fito sai an juye gumi daga cikin rigar. Ya yi shekara 18 yana wannan sana'a, ya mutu a 2017. Sai dai mutanen Japan ba dariya suka yi ba a ranar da suka fara ganinsa, domin shekara tara ke nan da jefa musu bam a Hiroshima da Nagasaki, kuma a cikin labarin gwajin irin wannan bam ne ya taso da dodon daga teku. Mu da muka zo daga baya mu ne muke da sararin ganin roba.

Waɗannan ma masu kuɗi ne. Akwai na talakawa, kuma su suka fi daɗin kallo. Wani fim na Amurka mai suna Robot Monster, na 1953, a kwana huɗu aka ɗauke shi. Ba su da kuɗin ƙera mutum-mutumin ƙarfe, sai suka samo wani mai rigar goggon biri suka kifa masa kwalkwali irin na masu nutso a ruwa, da 'yan ƙarafa biyu a saman kai kamar eriyar rediyo, suka ce ga dodon da ya hallaka mutanen duniya. A Night of the Living Dead na 1968 kuwa, jinin da ake ta lasa ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne babu mai ganewa.

Amma mu dai na Indiya muka fi sani, domin tun shekarun 1950 gidajen silima na Kano suke nuna finafinansu, har suka zama kamar 'yan gida. Wace ce a cikinmu ba ta san macijiya ba? Ga Nagin na 1976, ga Nagina na 1986 inda idanun Sridevi suke canza launi idan Amrish Puri ya fara busa. Sannan ga finafinan gidan Ramsay, 'yan uwa bakwai uba ɗaya da suka raba aikin a tsakaninsu, wannan ya ba da umarni, wancan ya riƙe kyamara, wani ya kula da sauti, don kada kuɗi ya fita waje. Su suka yi Purana Mandir a 1984, da dodonsu Samri wanda aka sare masa kai aka binne daban da gangar jiki. Wanda ya fito a dodon, Anirudh Agarwal, injiniya ne ya yi karatunsa, tsawonsa da ƙirar fuskarsa suka jawo masa wannan aiki. A nan dole in tsaya in faɗa miki gaskiya: finafinan Ramsay cike suke da rawa da nuna tsiraici, kuma wannan ɓangaren babu wasa a cikinsa, bai halatta gare ki ba balle 'ya'yanki. Dodon ya ba da dariya, wannan bai wanke sauran abin da ke cikin fim ɗin ba.

Sai namu na gida. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, masu fim ɗin Hausa suka riƙa yin abin da suka iya da ɗan abin da suke da shi. Aljana a fim ɗinmu farar hoda ce da jan baki da gashin doki da farin zane. Idan za ta ɓace sai a tsayar da kyamara, ta fice, a ci gaba da ɗauka, shi ya sa wani lokaci za ki ga akuyar da ke kiwo a bayanta ita ma ta ɓace tare da ita, ko inuwar bishiya ta yi tsalle. Ga boka a kogon dutse da jan ƙyalle da madubi, yana dariyar da aka ƙara wa amsa-kuwwa, ga wuta tana fita daga tafin hannunsa wadda ko yaron da ke koyon kwamfuta ya san zana ta aka yi. Ni a ganina dariyar da muke yi wa waɗannan abubuwa haɗe take da ƙauna. Irin wadda kike yi ce idan ɗanki ya haɗa motar kara ya zo yana tuƙa ta da baki: kin ga ƙoƙari, kin ga talauci, kin ga hannun wanda ya yi.

To amma, 'yar uwa, ki ɗan waiwaya ki dubi wanda yake jingine a cinyarki lokacin da kike wannan dariya. Ke kin ga zif. Shi bai gani ba.

Wata malama a jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin, har ta fitar da littafi a kai a 1998. Abin da ta gano ya dace da abin da kowace uwa mai lura ta sani. Yaron da bai kai shekara bakwai zuwa takwas ba, kamannin abu ne yake tsorata shi, ko da abin ba zai taɓa yiwuwa ba, ko da ma dodon mutumin kirki ne a cikin labarin. Abin da ya fi razana shi kuma shi ne rikiɗa, wato mutum ya koma wani abu a gaban idonsa. Ta gwada wannan da wani shiri na Amurka mai suna The Incredible Hulk, inda wani bawan Allah yake kumbura ya koma ƙato kore idan ya fusata. Manyan yara sun fi jin tsoro kafin ya rikiɗa, lokacin da yake cikin haɗari, in ya rikiɗa sai hankalinsu ya kwanta domin sun san ceto ya zo yi. Ƙananan kuwa daga rikiɗar ne tsoronsu yake tashi. Yanzu ki tuna da macijiyarmu, kyakkyawar amarya da ta shiga ɗaki ta koma kumurci, ki auna abin da wannan yake yi a zuciyar 'yar shekara biyar da take kwana a bayan mace. Malamar ta kuma gano cewa ce wa ƙaramin yaro "ai ƙarya ne" ba ya amfana masa sosai, domin bai gama rarrabe gaske da wasa ba tukuna. Rungumar uwa ta fi masa dogon bayani.

Kuma ki duba inda muke zaune. Yaron birni ya gama kallo ya kwanta a ɗaki mai fitila da banɗaki a ciki. Namu banɗakin yana can ƙarshen gida, in an ɗauke wuta sai tocila. Tsamiyar da aljanar fim take saukowa daga kanta, ga irinta nan a hanyar makaranta. Kogon da boka yake zaune a ciki, ga duwatsun Birnin Kudu nan yana ganin su duk ranar da aka je da shi gari, waɗanda mu muka san abin da ke jikin wasunsu zanen shanu ne da mutanen da suka bari. A aji nakan gane yaran da aka yi kallo a gidansu da daddare: ga gyangyaɗi, ga firgita in an buga ƙofa, ga wanda zai riƙe fitsari har ya kusa kuka don kada ya fita shi kaɗai. Na san yarinya 'yar shekara shida da ta daina fitsarin kwance tun tuni sai ta koma, tana tashi cikin dare da ihu. Mahaifiyarta har ta fara neman mai ruƙiyya, wai an taɓa ta. Da aka zauna aka lallashi yarinyar sai ga maganar ta fito, ashe wata mata ce mai fararen idanu da ta gani a wayar yayarta. Ban hana ki yi wa ɗanki addu'a ba, kullum ma ki yi. Amma kafin ki yanke cewa iska ce, ki tambayi abin da ya kalla, in kuma da zazzaɓi ko fizge-fizge a ciki to asibiti za ki nufa, kada ki tsaya jira.

Wata za ta ce ai mu ma an ba mu labarin Dodo muna yara, ga mu nan ba mu mutu ba. Gaskiya ne. Sai dai ki tuna yadda ake ba da shi. Kina kwance a jikin kakarki, muryar da kika fi amincewa da ita a duniya ita take yin gurnanin Dodo, tana kallon fuskarki, in ta ga kin fara maƙalewa sai ta sassauta, ta sa Gizo ya yi wata wautar ku yi dariya. Dodon da kike gani kuma ke kika zana shi a ranki, daidai ƙarfin zuciyarki. Idan an gama sai ta rufe da ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, kowa ya san an tashi daga wasa. Waya ba ta kallon fuskar yaro. Ba ta sassautawa, kuma ba ta da ƙurunƙus.

Akwai kuma abin da ya fi tsoron dare nauyi a wurina, shi ne abin da fim yake koya wa yaro game da aljani da kuma maganinsa. Mu Musulmi mun yi imani akwai aljanu, sura guda ce da sunansu a cikin Alƙur'ani, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, kuma za a yi musu hisabi kamar mu. Amma aljanin Alƙur'ani daban yake da na fim. Na fim ya san abin da ke zuciyarki, ya san gobe, ba abin da yake gagararsa. Suratu Saba'i kuwa ta ba mu labarin yadda Annabi Sulaimanu (A.S.) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, har sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda bai san mutuwar wanda ke tsaye a gabansa ba, ina zai san gobenki? Ban taɓa ba yara wannan ƙissa a aji ba face sun yi dariya, kuma wannan dariya ce da nake so su tafi da ita gida. Larabawan jahiliyya ma suna da nasu dodon da suke kira gul, wai yana zaune a daji yana rikiɗa yana ɓatar da matafiya. A hadisin Jabir (R.A.) da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (S.A.W.) ya kore wannan, kuma Imamu Nawawi ya kawo bayanin malaman da suka ce ba samuwar aljanu aka kore ba, ƙarfin da mutane suke jingina musu ne aka kore.

Sannan ki lura da yadda ake kashe dodon a ƙarshe, domin kowane mai fim maganin addininsa yake nunawa. A finafinan Dracula na Turawa gicciye ake ɗaga masa. A Purana Mandir mashin nan mai baki uku na abin bautarsu Shiva shi ne yake tsare mutane daga Samri. A Nneka the Pretty Serpent na 'yan kudu, na 1994, addu'ar coci ce. A namu kuwa sau da yawa wani bokan ne ya fi wani bokan, ko kuma a kawo malami mai carbi da rawani amma aikinsa na boka, ya ba da laya ya ce a yanka baƙin bunsuru. Ke da kika yi karatu kin san wannan shirme ne. Shi yaro darasi ya ɗauka: in abin tsoro ya zo, akwai wani abu da ake ratayawa ko wani mutum da ake zuwa wurinsa. Alhali Suratul Jinn ta gaya mana cewa mutanen da suka riƙa neman tsari da aljanu babu abin da suka ƙaru da shi sai wahala, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba.

Kada kuma mu ɗora wa masu fim laifin duka. Wa ya fara gabatar da dodo ga yaron? Mu ne, da "yi shiru ga dodo nan", da "ci tuwonka ko in kira shi". Abdullahi ɗan Amir (R.A.) ya ba da labarin ranar da mahaifiyarsa ta kira shi yana ƙarami ta ce zai karɓi wani abu, Manzon Allah (S.A.W.) yana gidansu, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Abu Dawuda ya ruwaito shi, kuma shi ne ya ruwaito hanin tsorata Musulmi ko da wasa ne. Idan alkawarin dabino ana rubuta shi, to dodon da babu shi fa? Ranar da yaron ya ga wannan dodo a waya, abin da zai fahimta shi ne maganar Umma ta tabbata.

Shawarata ita ce, wanda bai kai shekara bakwai ba kada ya kalli waɗannan finafinai sam, ko da rana ne, ko kina kusa. Ki bari sai sun tafi makaranta ki yi dariyarki, ki kuma duba abin da ke cikin wayar yayyensu, domin ta nan ɓarnar ta fi shigowa. Lokacin kwanciya ki zauna da su ku karanta Ayatul Kursiyyu, ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda Nana A'isha (R.A.) ta ce Manzon Allah (S.A.W.) yana yi kowane dare. Sai dai ki koya musu shi a matsayin ibadar kullum, cikin natsuwa, kada ya zama sai ranar da aka firgita ake tuna shi.

Wanda kuma ya riga ya gani, ko ya ɗan girma, to ki nuna masa zif ɗin. Waccan malama da abokan aikinta sun gwada haka a 1988: yaran da aka fara nuna wa yadda ake shafa wa ɗan wasan koren fenti ana sa masa gashi ba su tsorata da shirin ba kamar waɗanda ba a nuna wa ba. Mu ma muna da irin wannan a gida, wato tashe. Yaro yana ganin yayansa yana manna gemun auduga yana shafa baƙin tukunya, shi ya sa ko ya haɗu da shi a zaure da daddare dariya zai yi. Ki tsayar da fim ɗin, ki ce masa duba nan, ga ɗinki, ga takalmin mutumin ya leƙo, ga zaren da aka rataye jemagen. Ki gaya masa sunan mutumin da ke cikin rigar, da irin gumin da yake sha. In kina so ki gama da maganar gaba ɗaya, ki jingina wayarki a kan turmi ki fara ɗaukarsa, ki tsayar, ya matsa gefe, ki ci gaba da ɗauka, sannan ki kunna masa ya ga yadda ya ɓace ɓat a tsakar gidanku. Ki dai shirya, domin sai ya sa kin ɓatar da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, har da kaza.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.